Muhawara: Sauya zirin robar da ke rufe kwabbai a kundin ajiya

Mai Kundin Gado, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawararku a kan kundin tsabar kuɗi da na gada daga mahaifina, Allah ya jiƙansa. Shafukansa na kwali ne mai kauri, an huda musu gurabe jere-jere, kowane jeri kuma yana da zirin roba mai haske guda biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya, waɗanda ake zurawa ta gefen shafi don a ga fuskokin kuɗin duka biyu ba tare da hannu ya taɓa su ba. A ciki akwai anini da ɗari da kwabo masu huda na zamanin Turawa, akwai taro da sisi da sule da dala, sai kuɗin Najeriya na 1959 da na 1973. Yanzu wasu ziraran sun yi ɗorawa, biyu sun tsage daga baki, biyu sun ɓata, ɗaya kuma ya lanƙwashe har ba ya shiga da sauƙi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, da na haska fitila a kan sulen 1959, sai na ga siraran layuka a kuncin Sarauniya Elizabeth, dukansu a kwance, sun bi hanyar da ziri ke bi. Shin in sauya ziraran gaba ɗaya ne, ko waɗanda suka lalace kawai? Kuma da wace irin roba?

Tsohon Ma'aji, Argungu:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, kafin kowace magana, ka daina jan ziraran nan daga yau har a gama wannan tattaunawa. Layukan da ka gani ba tsufa ya kawo su ba, kuma ba yawo a hannun mutane ba ne, domin kartar da kuɗi ke samu a kasuwa ta kowace fuska take zuwa, ba ta jeruwa. Idan ka ga layuka sun jeru gefe da gefe a wurin da ya fi tudu a jikin kuɗi, kamar kunci ko gashin kai ko ganyen da ke bayan sule, to ziri ne ya ja ƙura a kansu.

Na daɗe ina gaya wa matasanmu cewa ziri yana kare kuɗi ne muddin yana zaune wuri ɗaya. Da zarar ya motsa, duk ƙwayar ƙurar da ta maƙale a ƙarƙashinsa ta zama kamar haƙorin magagari. Mu kuwa mun san ƙurar ƙasarmu, wadda ke shiga ɗaki ko an rufe ƙofa da taga. Saboda haka ra'ayina shi ne kada ka sauya komai sai abin da ya zama dole. Zirin da ya yi ɗorawa amma bai tsage ba, ka bar shi inda mahaifinka ya bar shi. Kyan gani ba dalili ba ne da zai sa a ja roba a kan kuɗi takwas ko goma lokaci ɗaya, kada garin neman gira a rasa ido.

Ɗalibi, Aliero:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina da tambaya, domin ni ma ina da ƙaramin kundi. Ta yaya roba, wadda farce ma ke iya karce ta, za ta yi wa ƙarfe lahani? Sannan ga Malam mai tambaya, na ga a shagunan buga takardu ana sayar da fallen roba mai haske da ake yi wa littafin bincike bango da shi. Yana da araha, kuma reza na yanka shi da kyau. Me zai hana a yi ziri da shi?

Malamar Kimiyya, Yawuri:
Ƙanena, tambayoyinka biyu duk suna kan hanya, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ba robar ce ke yin kartar ba, abin da ta ɗauko ne. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma a ma'aunin taurin ma'adinai mai hawa 10, yashi yana kan 7, alhali azurfa da jan ƙarfe ba su wuce 3 ba. Ƙari a kan haka, idan iska ta bushe, roba tana tara wannan lantarkin da ke sa riga ta yi tartsatsi a cikin duhu, shi kuma yana janyo ƙura ya manna ta a jikinta. Wanda ya zare ziri a watan Janairu ya ajiye shi a kan tabarma na minti ɗaya, sannan ya mayar, ya riga ya yi ɓarnar.

Game da bangon littafin bincike kuwa, ina roƙon kada a yi gaggawa. Da yawansa PVC ne, dangin robar fayif da silin, ko da mai shago ya kira shi da wani suna. Matsalar PVC, musamman mai laushi, ita ce ana zuba masa wani mai don ya riƙa lanƙwasuwa, kuma zafi yana sa man nan ya tsattsafo ya kwanta a kan kuɗi. Da farko za a ga hazo-hazo, daga baya ya zama kore mai danƙo, idan kuma aka bar shi da danshi, sinadarin kulorin da ke cikin robar yana haifar da asid da ke cin fuskar ƙarfen, ya bar ƙananan ramuka da ba su gyaruwa. Kuɗin da ke da jan ƙarfe a cikinsu sun fi saurin nuna wannan, kuma kusan duk namu haka suke, daga kwabon tagulla na 1959 har kobo 10 na 1973. A Birnin Kebbi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40, abin da zai ɗauki shekaru a ƙasa mai sanyi zai zo da wuri.

A nan ne na ɗan saɓa wa Baba na Argungu, tare da girmamawa. Ba kowane tsohon ziri ne ya cancanci a bar shi ba. Malam mai tambaya, ka kai hancinka bakin shafin ka sunsuna. Idan ka ji wari irin na sabuwar ledar ɗaki ko sabon takalmin roba, ka zargi PVC. Idan kuma ka ji tsami-tsami irin na binega, to robar asitet ce ta fara ruɓewa, domin da ita ake yin ziraran kundaye da yawa, kuma idan zafi da danshi suka daɗe a kanta, tana fitar da asid, ta tsuke, ta lanƙwashe. Wannan zirin naka da ya ƙi shiga shi ne na fi zargi. Irin waɗannan biyun, barinsu ya fi cire su haɗari.

Tsohon Ma'aji, Argungu:
Malama, na karɓi wannan gyara, kuma na gode. Ni ido kawai na dogara da shi shekara da shekaru, ban taɓa tunanin hanci ba. Amma ina nan a kan bakana game da zirin da ba ya wari, bai yi danƙo ba, bai kuma lanƙwashe ba.

Malamar Kimiyya, Yawuri:
A kan wannan babu saɓani tsakaninmu, Baba. Ga wanda yake son tabbaci fiye da sunsunawa, akwai gwajin da ake kira na Beilstein. A samo wayar jan ƙarfe tsirara, a riƙe ta da filaya, a ƙona bakinta a shuɗiyar wutar gas har ta daina ba da kowane launi, a dangwala ta a gutsuren robar, sannan a mayar cikin wuta. Idan harshen wutar ya koma kore, akwai kulorin, a jefar da robar. A yi shi a tsakar gida, nesa da kundin, kuma kada a shaƙi hayaƙin. Robar da aka fi amincewa da ita ita ce foliyesta marar shafe, wadda aka sani da sunan Mylar. Idan akwai alamar nan ta kibiyoyi uku a jikin fakiti, lamba 1 foliyesta ce, lamba 5 ma ba ta da illa ko da yake ba ta kai ta haske ba, lamba 3 kuwa ita ce PVC.

Maƙerin Azurfa, Jega:
Ni sana'ata zobe da awarwaro, amma tsofaffin kuɗi suna yawan zuwa hannuna. Malam, layukan nan da suka dame ka ba su da zurfi. Toka mai laushi da ɗan ruwan tsamiya za su shafe su, sulen ya fito yana walƙiya kamar yau aka buga shi. Kana iya yin haka kafin ka sa sabon ziri.

Tsohon Ma'aji, Argungu:
Alhaji, na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, kuma a aikin zobe maganarka daidai ce. Amma don Allah kada a yi wa kuɗin ajiya haka. Gogewa ba ta cike layi, sai dai ta kankare fuskar da ke kewaye da shi har su daidaita, ta kuma bar dubban sababbin layuka a madadin goma. Akwai wani sheƙi da kuɗi ke fitowa da shi daga gidan bugu, wanda idan ka juya shi a gaban fitila za ka ga haske yana zagayawa, kuma idan ya tafi ba ya dawowa. Ina da dalar azurfa ta 1913, shekarar farko da aka buga wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila kuɗin azurfa na bai ɗaya, wadda wani ya goge da man goge ƙarfe tun kafin ta zo hannuna. Har yau idan na ɗora ta kusa da 'yar uwarta da ba a taɓa ba, zuciyata tana sosuwa. Duhun da azurfa ke yi da tsufa ba datti ba ne a wurin masu wannan harka.

Maƙerin Azurfa, Jega:
To, na ji, kuma na janye. Sai dai zan ƙara abin da na sani a hannu: roba idan aka yanke ta da almakashi ko reza mai dakushi, bakinta yana tashi kamar yadda bakin azurfa ke tashi bayan yanka. Wannan bakin shi zai fara bi ta kan kuɗin. A yanka da sabuwar reza da rula ta ƙarfe a kan gilashi, a ja sau ɗaya, a shafa da yatsa a ji gefen da ya tashi, a juya shi waje, a kuma rage kaifin kusurwoyin gaba don kada su tokari kwalin.

Mai Kundin Gado, Birnin Kebbi:
Allah ya saka muku da alheri. Na sunsuna kamar yadda Malama ta ce. Shafuka huɗu ba su da wani wari, amma shafin da zirinsa ya lanƙwashe yana da tsami sosai. Sannan na lura da abin da ban gani ba a da: a shafin ƙarshe akwai ziri biyu da ba irin sauran ba ne, sun fi laushi, da alama daga baya aka yanka su aka sa, kuma kwabbai uku da ke ƙarƙashinsu sun yi kore a gefen hudarsu. Ɗaya daga ciki kwabon 1936 ne mai sunan Sarki Edward na Takwas. Yaya zan yi da su?

Malamar Kimiyya, Yawuri:
Waɗannan kada su ƙara kwana a wurin. Ka cire su, ka sa kowanne shi kaɗai a kofin gilashi, ka zuba asiton tsantsa irin na ɗakin gwaji har ya rufe shi, ba ruwan cire jan farce ba, domin shi ana haɗa shi da turare da mai. Bayan 'yan mintuna ka ɗaga shi ta gefe, ka ɗauraye da sabon asiton, ka bar shi ya bushe da kansa ba tare da ka shafa komai a kai ba. Asiton yana narkar da danƙon, ba ya cin ƙarfen. Idan koren ya tafi ya bar rami, ramin ya zauna ke nan, sai dai ka tsayar da ci gabansa. Abu biyu za ka kiyaye. Asiton yana kama wuta da sauri, don haka babu risho, babu gas, babu garwashin turare kusa. Kuma yana narkar da robar asitet, saboda haka kada kwabon ya koma kundi sai ya bushe sarai. Gurbin kwalin da danƙon ya taɓa ma kada ka mayar da kuɗi cikinsa.

Tsohon Ma'aji, Argungu:
Wannan kwabo na 1936 ka riƙe shi da kyau. Edward na Takwas bai cika shekara a kan mulki ba, kuma Ingila kanta ba ta fitar da kuɗi da sunansa ya shiga hannun jama'a ba, amma mu an buga mana anini da ɗari da kwabo da sunansa, saboda masu huda ba su buƙatar hoton kai. Ba shi da tsada sosai don an buga da yawa, sai dai labarinsa ya isa a kula da shi.

Yanzu ga yadda nake sa ziri, tun da dole ka sa aƙalla bakwai. Ina share tebur, in shimfiɗa farin ƙyalle mai laushi, in rufe ƙofa da taga, in kashe fanka. Sabon zirin ina wanke shi da ruwa da ɗigon sabulu, in ɗauraye, in jingina shi a inuwa ya tsane, ba na goge shi da tsumma don gogewar ce ke tayar da lantarkin da Malama ta ambata. Ina fara zura na baya alhali guraben babu komai. Daga nan in ɗauki kowane kuɗi ta gefensa, da wankakken hannu ko safar auduga, in sa shi a gurbi, in danna shi a hankali ta bayan ƙyalle har fuskarsa ta nutse ƙasa da saman kwalin. Wannan nutsewar ita ce ginshiƙin aikin, domin zirin da bai taɓa kuɗi ba ba zai karce shi ba. Ina karkata shafin a gaban haske in duba ko akwai wanda ya yi tudu. Sai in hure ƙura da ɗan famfon roba irin na masu gyaran agogo, ba da baki ba, saboda ɗigon yawu yana zama baƙin tabo bayan watanni. Sannan in zura na gaba sau ɗaya, a hankali, in ya cije in tsaya in duba dalili, ba na tura shi da ƙarfi. Wajen cire tsohon ziri ma haka ne: ka fara danna kuɗin ta kan robar su yi nesa da wanda za ka zare, ka zare shi, sannan ka turo kuɗin waje ta ɗaya gefen kafin ka taɓa ziri na biyu.

Ɗan Kasuwa, Kamba:
Ina bibiyar maganar tun farko. Ni abin da na fi tarawa kuɗin sefa ne, tun da mu nan da Gaya kusan kasuwa ɗaya muke ci, inda dala ke nufin sefa 5, ba sule biyu ba. Ina so in ƙara maganar kauri. Ina da dalar Mariya Tarisa, tsohon kuɗin azurfa na Ostiriya, wadda duk ake bugawa da shekarar 1780, faɗinta kusan milimita 40, kuma ta fi kwalin shafina kauri. Duk yadda na danna ta, ziri sai ya goge ta, don haka na fitar da ita na sa ta a ƙwanso na roba mai tauri da aka yi daidai girmanta. Naira 1 da naira 2 masu ƙarfe biyu da aka fitar a 2007 ma sai an duba kaurinsu kafin a rufe. Kundayen da kamfanonin Amurka irin su Dansco da Whitman ke yi, yawancinsu an auna su ne da kuɗin Amurka. Dansco yana sayar da shafuka marasa rubutu da aka auna gurabensu da milimita, yana kuma sayar da ziri daban, amma faɗin ziri ya danganta da shafi, saboda haka wanda zai aika a sayo masa ya auna tsawo da faɗin tsohon da rula tukuna.

Ɗalibi, Aliero:
Na gwada fallen bangon da nake da shi da wayar jan ƙarfe, wutar kuwa ta yi kore shar. Na gode, Malama. Amma Baba, ni abin da ke sa ni yawan jan ziri shi ne duba ƙananan haruffan gidan bugu, H ko KN, da ke jikin kwabban Turawa, da kuma sa sabon kuɗi duk lokacin da na samu ɗaya.

Tsohon Ma'aji, Argungu:
H na gidan bugun Heaton ne, KN kuma na King's Norton, dukansu a Birmingham, kuma ka kyauta da kake lura da su. Ka duba su da gilashin ƙara girma tun kafin kuɗin ya shiga kundi, ka ɗauki hoton fuska biyu da wayarka, ka rubuta a littafi. Sabon da ka samu kuwa ka ajiye shi a maƙalar kwali mai tagar foliyesta har sai ka tara na jeri guda, sannan ka buɗe ziri sau ɗaya ka zuba su tare. Idan ka rufe maƙalar da ƙusar sitefula, ka danne ƙafafunta da filaya don kada su karci na kusa. Wanda ya fi kowanne kyau a cikin kuɗinka, wanda bai taɓa yawo ba, ni da zan ba ka shawara ka bar shi a ƙwanso, kundi kuma ya ɗauki waɗanda suka riga suka sha hannu.

Malamar Kimiyya, Yawuri:
Saura maganar lokaci. Hunturu ƙura da lantarki, tsakiyar damina kuma danshi, wanda kwali ke sha ya riƙe. Na fi son kaka, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya sauko, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Banda ziraran nan uku masu cutarwa, waɗanda ba za su jira ba. Bayan an gama, kundin ya tsaya a tsaye kamar littafi, a ɗakin da ya fi sanyi, ba cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin rufin kwano ba, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a sa masa ƙullin tsakuwar shan danshi irin wanda ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi. Kada a ɗaure shi da robar ɗaure kuɗi, don tana ɗauke da farar wuta, ita kuma tana baƙanta azurfa.

Mai Kundin Gado, Birnin Kebbi:
Ga inda na tsaya. Na cire ziri biyu masu laushi da wanda ya lanƙwashe, na kwashe kuɗin jerinsu zuwa maƙalai. Kwabbai biyu sun fito tas daga asiton, na 1936 kuwa ya bar ɗan rami ɗaya kusa da tauraron, wanda sai da gilashi ake ganinsa. Jeri biyun da ziransu suka tsage da biyun da ba su da murfi na lulluɓe shafukansu da farar takarda, na ajiye kundin a kwance na ɗan lokaci don kada su zubo. Sauran ban taɓa su ba. Na auna tsohon ziri, na aika wa ƙanena da ke Kaduna ya nemo mini fallen foliyesta mai kauri daidai da shi, kuma zan gwada gutsurensa da wuta kafin in yanka. Alhaji na Jega, idan Allah ya kai mu kaka, ina so in kawo maka fallen ka yanka mini da hannunka, domin nawa hannun bai saba ba.

Maƙerin Azurfa, Jega:
Allah ya kai mu, Malam. Ka taho da tsohon ziri ɗaya wanda bai tsuke ba daga cikin waɗanda suka tsage ta baki, don mu ɗora a kai mu fitar da faɗin daidai. Kundin kansa ka bar shi a gida, ƙurar maƙera ba ta dace da shi ba.